Dabarun Sa-ido kan Tunani wajen Karatu da Fahimta a Tsakanin Ɗaliban Jami'a Masu Koyon Ingilishi: Darasi ga Masu Tsara Manhaja

Tsakure

Wannan takarda ta yi bayanin dabarun da mai karatu ke bi wajen lura da fahimtarsa da kuma gyara ta idan ta kuɓuce masa. An mai da hankali ga ɗaliban jami'o'in Nijeriya waɗanda Hausa ce harshensu na farko, Ingilishi kuma shi ne harshen da suke neman ilimi da shi. Takardar ta nuna cewa abin da ya fi cutar da irin wannan ɗalibi shi ne rashin sanin cewa bai fahimta ba, kuma ana iya koyar da wannan sani kamar yadda ake koyar da nahawu. An kawo sakamakon binciken masana, da iyakar da dabarun suke da ita, sannan aka ba da shawarwari ga malamai da masu tsara manhajar Ingilishi da ta Hausa.

1.0 Gabatarwa

Kafin ɗalibi ya sami gurbin karatu a jami'a a Nijeriya, sai ya ci darasin Ingilishi a jarrabawar kammala sakandare, galibi kuma ya zauna jarrabawar JAMB wadda Ingilishi yake wajibi a cikinta. Da ya shiga aji ɗaya kuma, zai tarar da kwas na sadarwa da Ingilishi, wanda manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a shekarar 2022 ta sa wa lamba GST 111. Duk da wannan tanadi, kukan malaman jami'a bai sauya ba. Ɗalibi zai karanta babi guda sau uku, ya ja layi a ƙarƙashin rabin jimlolinsa, amma idan aka nemi ya faɗi abin da marubuci yake son tabbatarwa, sai ya maimaita jimlar farko kalma bayan kalma, ko ya yi shiru.

Abin lura a nan shi ne, idan aka tambayi wannan ɗalibi, zai ce ya karanta kuma ya gane. Ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji a ransa. Idanunsa sun bi layuka, bakinsa ya furta kalmomi, bai ci karo da abin da ya tsayar da shi ba, don haka ya ɗauka aiki ya kammala. Sai ranar da sakamako ya fito ne yake ganin akasin haka, a lokacin da gyara ya riga ya wuce. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce: maimaita kwas, ƙarin zango da kuɗin da iyaye za su sake nema, wani lokaci ma sallama daga jami'a.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da ke faruwa a zuciyar mai karatu nagari wanda ba ya faruwa a zuciyar wancan ɗalibi, da yadda za a shigar da shi cikin manhaja.

2.0 Ma'anar Sa-ido kan Tunani

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, John Flavell, shi ne ya yaɗa wannan ra'i a rubuce-rubucensa na 1976 da 1979. Abin da yake nufi shi ne sanin da mutum yake da shi game da yadda tunaninsa ke aiki, da ikon da yake da shi na bin diddigin wannan tunani da juya akalarsa. A wannan takarda an kira shi "sa-ido kan tunani". Domin a bambance shi da tunanin kansa, a ɗauki misalin direba. Taka giya da juya sitiyari su ne tuƙi. Duban allon mota don a san saura mai nawa, da lura cewa an saki hanya, da yanke shawarar juyowa, su ne sa-ido. Haka abin yake a karatu. Fassara kalma da haɗa ma'anar jimloli aikin fahimta ne. Tsayawa a tambayi kai ko an gane, da zaɓen abin yi idan ba a gane ba, aikin sa-ido ne.

Linda Baker da Ann Brown, a nazarinsu na 1984, sun kasa wannan al'amari gida biyu dangane da karatu: sani da sarrafawa.

2.1 Sani

Flavell ya ambaci sanin abubuwa uku. Na farko, mutum ya san kansa, misali ya san cewa hankalinsa kan tafi bayan shafi biyar, ko kuma dogayen jimloli kan ruɗa shi. Na biyu, ya san irin aikin da ke gabansa, wato ya gane cewa karanta babin tsarin mulki domin jarrabawa ya sha bamban da karanta labarin ƙwallon ƙafa. Na uku, ya san dabaru. A kan wannan na uku, Paris da Lipson da Wixson sun yi wani muhimmin ƙarin bayani a 1983, inda suka nuna cewa sanin dabara hawa uku ne: sanin mece ce ita, sanin yadda ake yin ta, da sanin lokaci da dalilin yin ta. Hawa na uku shi ne ya fi wuyar samu. Hausawa kan ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ɗalibin da ke buɗe ƙamus a kan kowace baƙuwar kalma ya san dabarar, ya iya ta, amma bai san wurin bugu ba.

2.2 Sarrafawa

Sarrafawa ita ce aiwatar da wancan sani a lokacin da ake karatu. Ta ƙunshi shiri kafin a fara, da bin diddigi ana cikin yi, da aunawa bayan an gama.

3.0 Dabarun a Matakan Karatu Uku

3.1 Kafin Karatu

Mai karatu nagari yakan fara da tantance dalilinsa. Shin amsar tambaya guda yake nema, ko hujjar marubuci baki ɗaya? Daga nan sai ya yi wa matanin kallon sama-sama: take, ƙananan kanu, jadawali da zane, sakin layi na farko da na ƙarshe. Yakan tuno abin da ya riga ya sani a kan batun, ya yi hasashen inda marubuci zai dosa, ya kuma ƙiyasta lokacin da aikin zai ci. Amfanin hasashe a nan shi ne ya zama ma'auni. Wanda ya yi tsammanin wani abu, shi ne zai yi mamaki idan ya ga saɓaninsa, mamakin kuma shi ke sa a tsaya a duba.

3.2 Lokacin Karatu

Wannan mataki shi ne ƙashin bayan al'amarin. Mai karatu yakan tsaya a ƙarshen sakin layi ya faɗa wa kansa abin da aka ce da kalmominsa. Idan ya kasa, ya san fahimta ta tsinke. Sai ya nemi inda ta tsinke: kalma ce, ko ginin jimla, ko wani ilimi ne marubuci ya ɗauka kowa ya sani? Kowace cuta da maganinta. Yana iya komawa baya, ko ya ci gaba da sa ran bayani na tafe, ko ya rage sauri, ko ya datsa doguwar jimla, ko ya duba ƙamus, ko ya tambayi wani. Bayan ya yi gyaran, sai ya sake gwadawa ya ga ko ma'anar da ya samu ta dace da sauran matanin.

3.3 Bayan Karatu

A nan mai karatu yakan rufe littafi ya gwada taƙaita abin da ya karanta ba tare da leƙe ba, ya koma ga dalilin da ya fara da shi ya ga ko ya cimma buƙata, ya kuma lura da dabarar da ta yi masa amfani domin gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarbiyyar karatu ta ƙasar Hausa. Mai hadda yakan kife allo ya karanto da ka domin ya gano gaɓar da ba ta zauna ba, sannan ya koma ya yi tishinta. Abin da ake buƙata a jami'a shi ne a yi wa ma'ana irin gwajin da mai hadda ke yi wa lafazi.

Tsare-tsaren karatu da suka shahara a littattafan koyarwa, kamar SQ3R na Francis Robinson na 1946 da KWL na Donna Ogle na 1986, duk ƙoƙari ne na jera waɗannan matakai yadda ɗalibi zai riƙe su cikin sauƙi.

4.0 Wuraren da Fahimta ke Tsinkewa ga Bahaushe Mai Karanta Ingilishi

Bin diddigi yana sauƙi idan mai karatu ya san wuraren da ya kamata ya yi hattara. Kwatanta ginin Hausa da na Ingilishi yana nuna wasu daga cikinsu.

Na farko shi ne wakilin suna. Hausa tana raba kowane suna tilo zuwa namiji ko mace, saboda haka wakilin suna yakan nuna inda ya koma. A dubi wannan jimla: "The company sued the government because it had broken the agreement." A Hausa za a ce kamfani ya kai gwamnati ƙara domin ta karya yarjejeniya, kuma kalmar "ta" ta raba gardama nan take. Kalmar "it" kuwa ba ta nuna kowa ba. Dole mai karatu ya yi amfani da hankali ya gano cewa wanda aka kai ƙara shi ne ya karya alkawari. A matanin kimiyya, inda "it" da "this" kan koma ga jimla sukutum, wannan aiki ya fi nauyi.

Na biyu shi ne yankin suna. Ingilishi yakan tara sunaye ya ajiye jigon a ƙarshe, Hausa kuwa takan fara da jigon. Abin da Ingilishi ya kira "soil moisture retention capacity", a Hausa "ƙarfin riƙe danshin ƙasa" ne, wato jerin ya juye baki ɗaya. Ɗalibin da bai lura ba zai ɗauka a kan ƙasa ake magana, alhali a kan ƙarfin riƙewa ne.

Na uku shi ne ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana. Ga wata jimla: "Although the dam increased the supply of water to the city, it was not without cost to farmers downstream, few of whom were consulted." A ɗauka ɗalibai biyu sun karanta ta. Na farko ya tsinci manyan kalmomin da ya sani, wato madatsar ruwa, birni, manoma, tuntuɓa, ya haɗa su ya ce madatsar ta amfani birni da manoma, kuma an yi shawara da su. Bai ji wani cikas ba, don haka ya wuce. Na biyu da ya ga "although" sai ya ce wa kansa, wannan "ko da yake" ce, lalle akwai kishiyar magana a gaba. Ya iso "not without" ya tsaya, ya lura korewa biyu ne a jere, ma'ana an yi asara. Ya iso "few" ya tuna cewa ta bambanta da "a few", domin tana nufin kusan babu. Dukansu sun san kalmomin jimlar daidai gwargwado. Bambancinsu shi ne ɗaya ya san inda ake tsayawa.

Na huɗu shi ne kalmomin sassauci irin su "may" da "tends to" da "suggests", waɗanda marubutan ilimi ke amfani da su domin nuna cewa magana ba ta kai yaƙini ba. Ɗalibai da yawa kan tsallake su, sai su mai da zato ya zama hukunci a takardar jarrabawa.

5.0 Abin da Bincike ya Nuna

5.1 Ruɗin Sani

A 1982, Glenberg da Wilkinson da Epstein sun ba ɗaliban jami'a a Amurka matanoni da aka cusa wa jimloli masu karo da juna, aka kuma gargaɗe su da su nemo karon. Da yawa daga cikinsu ba su gano shi ba, amma suka bayyana cewa sun fahimci matanin sosai. Masu binciken sun kira wannan hali ruɗin sani. Idan hakan na faruwa ga masu karatu da harshensu na haihuwa, to mai karatu da harshe na biyu ya fi kusa da faɗawa ciki.

Ellen Block ta gwada wannan a 1992 da ɗalibai 25 na ajin farko na kwaleji, wasu Ingilishi ne harshensu na farko, wasu kuma na biyu. Ta sa su faɗin abin da suke tunani a bayyane yayin da suke karanta matani mai ɗauke da matsalar wakilin suna da ta baƙuwar kalma. Ta gano cewa ƙwararrun masu karatu kan bi matakai uku, wato gane matsala, ɗaukar mataki, da duba sakamako, kuma abin da ya fi raba ɗaliban shi ne ƙwarewar karatu, fiye da harshen da suka tashi da shi. Neil Anderson ma, a bincikensa na 1991, ya ga cewa masu ƙoƙari da masu rauni kan ambaci dabaru kusan iri ɗaya. Fifikon masu ƙoƙari yana ga iya zaɓe da iya haɗa dabarun.

5.2 Auna Dabarun

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne takardar tambayoyi ta SORS wadda Mokhtari da Sheorey suka fitar a 2002 domin masu koyon Ingilishi, bisa tsarin MARSI na Mokhtari da Reichard na wannan shekara. Tana da bayanai 30: guda 13 kan dabarun duban matani baki ɗaya, 8 kan warware matsala, 9 kan neman tallafi kamar ƙamus da rubuta bayani. Ɗalibi yakan zaɓi lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon yawan amfaninsa da kowace dabara, kuma matsakaicin maki 3.5 zuwa sama shi ake ɗauka babban mataki.

Wajibi ne a yi hattara da wannan ma'auni. Abin da yake aunawa shi ne abin da ɗalibi ya ce yana yi, wanda ba lalle ne ya zama abin da yake yi ba. Wanda ruɗin sani ya kama zai ba kansa maki mai yawa da zuciya ɗaya. Saboda haka ya kamata mai bincike ya haɗa takardar tambayoyi da sauraren tunanin ɗalibi a bayyane, ko da gwajin matani mai ɗauke da karo.

5.3 Koyar da Dabarun

Dolores Durkin ta zauna a azuzuwan firamare a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, ta tarar cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na lokacin darasin karatu ne ake koyar da yadda ake fahimta. Abin da ya fi yawa shi ne yin tambayoyi da ba da aiki. Duk wanda ya san darasinmu na auna fahimta zai ga kamannin: a karanta labari, a amsa tambayoyi biyar, malami ya yi maki. Sunan darasin ma ya faɗi gaskiyarsa, aunawa ake yi.

Palincsar da Brown sun gabatar da wata hanya a 1984, inda malami da ɗalibai ke karɓa-karɓar jagorancin tattaunawa a kan matani ta amfani da dabaru huɗu: hasashe, yin tambaya, warware abin da ya shige duhu, da taƙaitawa. Ɗaliban aji bakwai masu raunin fahimta sun sami ci gaba mai yawa cikin kimanin kwana ashirin. A fagen harshe na biyu, Carrell da Pharis da Liberto sun nuna a 1989 cewa horar da masu koyon Ingilishi a jami'a kan irin waɗannan dabaru yana inganta karatunsu. Luke Plonsky, wanda ya tattara bincike 61 a 2011, ya sami matsakaicin tasiri ga koyar da dabarun koyon harshe na biyu. Ke nan amfanin tabbatacce ne, ko da yake bai kai a ɗauke shi maganin kowace cuta ba.

Akwai kuma darasi game da dabarun da ɗalibai suka fi so. Nazarin Dunlosky da abokan aikinsa na 2013 ya sanya jan layi da maimaita karatu cikin hanyoyi masu ƙarancin amfani, ya sanya gwada kai da rarraba bita a kan lokaci cikin masu yawan amfani. Dalili kuwa shi ne, maimaita karatu yana sa matani ya zama sananne ga ido, sai mai karatu ya ɗauki sabo a matsayin fahimta. Haka nan Ackerman da Goldsmith sun gano a 2011 cewa masu karatu a fuskar kwamfuta sun fi masu karatu a takarda zuzuta abin da suka fahimta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, ganin yadda ɗalibai da yawa ke karanta takardun darasi a wayar hannu.

6.0 Iyakar Dabarun

A 1984 Charles Alderson ya yi tambayar da har yanzu ake tattaunawa a kanta, wato ko raunin karatu da baƙon harshe matsalar karatu ce ko ta harshe. Amsar da bincike ya bayar ita ce duka biyun. Tun a 1980 Mark Clarke ya nuna cewa ƙarancin sanin harshe yakan tilasta wa mai karatu nagari ya koma halin mai rauni. Batia Laufer a 1989 ta ƙiyasta cewa ana buƙatar sanin kashi 95 cikin ɗari na kalmomin matani domin samun fahimta gwargwado, Hu da Nation kuma a 2000 suka kai adadin kashi 98 ga mai karatu ba tare da taimako ba. A shafi mai kalma 300, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi 6, kashi 95 na nufin 15, kashi 90 kuwa 30. Wanda ke cin karo da baƙuwar kalma a kowane layi ba shi da abin da zai dogara da shi ya yi hasashen ma'ana. Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa ana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 domin karanta rubutun Ingilishi na yau da kullum ba tare da tallafi ba.

Saboda haka koyar da dabaru ba zai maye gurbin koyar da kalmomi ba. Jerin kalmomin ilimi na Averil Coxhead na 2000, mai dangin kalmomi 570 da ke ɗaukar kimanin kashi 10 cikin ɗari na matanin ilimi, wuri ne mai kyau na farawa a aji ɗaya.

7.0 Matsayin Darasin Hausa

Ana iya tambaya, me ya haɗa manhajar Hausa da karatun Ingilishi a jami'a? Jim Cummins ya bayyana a 1979 cewa ƙwarewar karatu da aka gina da harshe ɗaya tana ƙetarawa zuwa wani, muddin an sami isasshen sanin harshe na biyun. Elizabeth Bernhardt, a nazarinta na 2005, ta ƙiyasta cewa iya karatu da harshen farko yana bayyana kimanin kashi 20 cikin ɗari na bambancin da ake gani a karatun harshe na biyu, sanin harshe na biyun kuma kimanin kashi 30. A nan gida, shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba.

Hujjar a fili take. Yaron da ke karanta matanin Hausa ba ya kokawa da kalmomi, saboda haka hankalinsa yana da sararin lura da ma'ana. A nan ne ya fi sauƙi a koya masa ya tsaya, ya taƙaita, ya gano karo, ya tambayi marubuci hujja. Idan wannan ya zama masa ɗabi'a tun yana sakandare, zai shiga jami'a da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai wannan ba zai samu ba idan matanonin Hausa da ake ba ɗalibai labarai ne kaɗai. Karatun jami'a bayani ne da jayayya, don haka dole ɗalibi ya saba da irinsu a harshensa.

Har ila yau, ɗalibin jami'a da ya taƙaita sakin layin Ingilishi da Hausa yana yi wa kansa gwaji mai tsauri, domin ba zai iya fakewa da kalmomin marubuci ba. Wanda ya kasa faɗin abu da harshensa, da wuya a ce ya gane shi. Bai kamata malamai su ɗauki wannan a matsayin rauni ba.

8.0 Shawarwari

(a) A rubuta sa-ido kan fahimta a matsayin manufa mai zaman kanta a manhajar Hausa ta sakandare da kwas ɗin Ingilishi na aji ɗaya, da bayanin abin da ake son ɗalibi ya iya yi, misali gano inda fahimtarsa ta tsinke da faɗin matakin da ya ɗauka.

(b) Malami ya riƙa karanta matani a gaban aji yana faɗin tunaninsa a bayyane, har da wuraren da shi kansa ya ruɗe da yadda ya fita. Daga nan a yi tare, sannan ɗalibai su yi a rukuni, a ƙarshe kowa ya yi shi kaɗai. Wannan shi ne tsarin miƙa nauyi sannu a hankali da Pearson da Gallagher suka bayyana a 1983.

(c) A koyar da dabaru kaɗan, huɗu ko biyar, a daɗe ana aiki da su a kan matanoni daban-daban, tare da bayyana lokacin da kowace ta dace. Jera dabaru talatin a allo domin a haddace su ya saɓa wa manufar baki ɗaya.

(d) A aji mai ɗaruruwan ɗalibai, malami na iya neman kowa ya rubuta makin da yake tsammanin samu kafin gajeren gwaji, sannan ya kwatanta da abin da ya samu. Tazarar da ke tsakani darasi ce da ba ta buƙatar kayan aiki.

(e) A zaɓo matanonin kwas ɗin Ingilishi daga fannin da ɗalibi yake karanta, a kuma haɗa su da koyar da kalmomin ilimi da wuraren hattara da aka ambata a sashe na 4.0.

(f) A ƙara matanonin bayani da na jayayya a littattafan Hausa, kan batutuwa irin su lafiya da noma da tattalin arziki da shari'a.

(g) A sauya fasalin tambayoyin jarrabawa. Muddin ana iya cin maki ta kwafo jimla daga matani, ɗalibai ba za su ga dalilin wahalar da kansu ba. A riƙa neman taƙaitawa, da gano matsayin marubuci, da nuna hujjar amsa.

(h) A shigar da wannan fanni cikin horon malaman harsuna a kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi, domin malamin da bai taɓa lura da nasa karatun ba ba zai iya nuna wa wani hanya ba.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa mai karatu nagari shi ma yakan ruɗe, amma yakan san ya ruɗe, ya san inda abin ya faru, ya kuma san abin yi. An ga cewa ana iya koyar da wannan hali, cewa yana buƙatar isassun kalmomi kafin ya yi aiki a harshe na biyu, kuma darasin Hausa wuri ne da ya dace a dasa shi. Abin da ya rage ga masu tsara manhaja shi ne su ware masa gurbi da lokaci, su kuma daidaita jarrabawa da shi, domin ɗalibi ya gano gibin fahimtarsa tun yana zaune da littafi a hannu, kafin takardar sakamako ta gaya masa.